'Yar Ganga da Auren Inna

Kakana Malam Labaran ya ɗaura aure ya fi a ƙirga, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tara masa liman da maroƙa ba. Auren mangwaro yake ɗaurawa. In ka shiga lambunan bakin ruwan Tiga, ka bi ta Bagauda har ka dangana da Tudun Wada, duk mangwaro mai aure da ka tsinka ka sha har ka lumshe ido, da wuya in ba hannunsa ne ya taɓa bishiyar tana ƙarama ba. Shi ya sa ake ce masa Labaran Mai-Aure. Ni kuwa Khairiyya, da yake ni ce jikarsa ta fari, Angona nake ce masa, shi kuma ya ce min Uwargida. Haka muke tsiyarmu tun ina yawo ba ɗankwali har yau da nake da 'ya'ya da keken ɗinki a gidan mijina.

Ga wanda bai san auren mangwaro ba, abin ba wani asiri ba ne. Za a shuka ƙwallon mangwaro na gida, irin mai zaren nan da ke cika wa mutum haƙori. In ya taso ya kai kaurin yatsa sai a sare kansa a tsaga shi. Wannan shi ne ango. Sai a yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗi, a fere gindinsa gefe da gefe, a zura cikin tsagar, a naɗe da leda tam. Wannan ita ce amarya. In jininsu ya haɗu, ka ga toho ja ya leƙo, shi ke nan aure ya ɗauru. Duk wahalar tana wajen ferewa. Yanka ɗaya ake yi, sumul, ba gargada. Hannu ya ɗan yi rawa, iska ta sami kafa, to amarya ta bushe.

Da wuƙa ɗaya Angona ya yi wannan aiki duk rayuwarsa, kuma ba irin wuƙar da ka sani ba ce. In ya zaro ta daga aljihun 'yar-shara, ba za ka ga kaifi ba sam. Wani ɗan guntun itace za ka gani mai tumbi a tsakiya, da hular ƙarfe a kowane baki, da zobe a gindi. Kamannin ganga sak, shi ya sa ya raɗa mata 'Yar Ganga. Kusa da zoben akwai wani ɗan harshen ƙarfe. Sai ya danna shi da farcen babban yatsa, ya ja zoben, cikin wuƙar na tagulla ya fito duka. Ya buɗe ruwan wuƙar, ya mayar ta cikin gangar, ta ɓullo ta ɗaya bakin, ka ji ƙas! Muna yara mun sha ɗauke ta in yana alwala, mu murɗa, mu ja, har da cizo, amma ina! Ba ta buɗuwa sai a hannunsa. In ya kama mu sai ya ce, "Matar mutum ba ta amsa kiran kowa."

Labarin yadda ya same ta kuwa, na ji shi har na haddace. Lokacin da ake gina madatsar ruwa yana saurayi, ya sami aikin ban-ruwa a lambun wani Bature mai gyaran injin, mutumin ƙasar Suwidin. Sunan Baturen ya gagari bakin mutanenmu, sai suka sauƙaƙa wa kansu suka ce masa Guna. Wannan Guna in ya tashi daga aiki ba shi da abin yi sai wasa da itatuwa, a wurinsa Angona ya ga aure na farko. Ya tsaya ya zuba ido, ya zuba ido, har wata rana Guna ya miƙa masa wuƙar ya ce ya gwada. Da zai koma ƙasarsu ya kira shi ya ce ya bar masa ita, amma da sharaɗi. Wai a garinsu ba a ba da wuƙa kyauta, sai ta yanke zumunci, dole mai karɓa ya ba da wani abu komai ƙanƙantarsa. Angona ya laluba aljihu, babu komai sai farin goro guda da ya ajiye don yamma. Ya ba shi. Guna ya ɓare ya tauna don kara, ya yamutsa fuska har hawaye, ya haɗiye. Angona kullum in ya zo nan sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Goro ɗaya ne sadakinta, kuma ba ta taɓa yi min yaji ba."

Amma akwai wani ɓangaren labarin da ba ya yin dariya. Ƙauyensu, Kwarin Ɗinya, yana cikin waɗanda aka tasa don ruwa zai cinye su. Mahaifiyarsa ta rasu kafin tashin, kabarinta yana can, yau ruwa ne a kansa, masunta na wucewa da kwale-kwale. A tsakar gidansu akwai wani mangwaro da ita ta shuka da hannunta. Ba shi da kyan gani, ɗan ƙarami ne, ko ya nuna kore yake zama, amma ba zare, kuma yana da wani ƙamshi da ban taɓa ji a wani ba. Ana kwashe kaya a kan jakuna, kowa na ta rufin ɗakinsa da tukwanensa, shi ko ya haye bishiya ya yanko rassa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Ya kawo su sabon matsuguni ya yi musu aure da 'Yar Ganga, hannunsa bai ma gama faɗawa ba a lokacin. Duk suka bushe sai guda ɗaya. Wannan gudan shi ne bishiyar da ke bayan gidanmu na gado, kuma tun da na yi wayo ban ji an kira ta da wani suna ba sai Inna.

"Ku je gindin Inna ku sha iska." "Wa ya jefi Inna da dutse?" Haka muka taso muna ji. Kada wani ya ce tsoho ya kauce hanya, a'a, ya san itace itace ne. A gindinta dai yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, tun da ba shi da kabarin da zai ziyarta.

To a nan ne fa rigimata da shi take. Mutumin da ya cika lambunan mutane da aure, ya ƙi ya ƙara yankar ko tsinke daga jikin Inna. Maƙwabta sun roƙa, abokansa sun roƙa, marigayiya kakata Kaltume ta yi magana har ta gaji. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutane suka ce rowa ce. Ni ma na ɗauka rowar ce, har ranar da na tsare shi na ce, "Angona, don Allah mece ce a ciki? Ka yi mata 'ya'ya ko biyu mana."

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama yana lasar miya, ya ce, "Ke Uwargida ba ki da ta ido. Wa kika taɓa gani ya kama hannun uwarsa ya kai ta ɗakin miji?"

Na ce, "Ikon Allah! Bishiya ce fa!"

Ya ce, "Na sani."

"Kuma ai ka taɓa yi."

"Wancan ruwa ne ya biyo mu. Lalura ce."

Wallahi sai da na yi dariya har na riƙe ciki, amma shi ko murmushi bai yi ba. Da bakinsa ya sa mata suna Inna, da bakinsa yake kiran aikin nan aure, sai kalmomin biyu suka haɗu suka ɗaure masa hannu. Kunya ce tsagwaronta, irin ta ɗan fari. Na bar shi, na ce ai bishiya ba ta gudu.

Ashe tana gudu. Bara waccan muka fara ganin wani baƙin ɗanko yana tsatsowa daga jikinta. Sai reshen sama ya bushe, sai na kusa da shi. Gara ta samu ƙofa ta shiga. Aka zuba toka, mijina Mujitaba ya kawo magani daga Kano aka fesa, duk a banza. Da damina ta kama bana, Inna ta zama ƙirare, in ban da reshe ɗaya ta gabas da ya rage da ɗanyen ganye. Kowa ya san in wannan ya tafi, shi ke nan, an shafe ta daga doron ƙasa.

Shi ma kuma Angona a lokacin ya daina zuwa lambun kowa. In an zo kiransa sai ya ce 'Yar Ganga tana hutu. Ya koma cin tuwo shi kaɗai a ɗaki, ya daina shan shayi a gaban mutane, hannunsa na dama kullum yana cikin aljihu. Ni da nake ganin kaina mai wayo, na ɗauka baƙin cikin bishiyar ne. Kullum na je sai na yi masa tijara. "Ba a fafe gora ranar tafiya, tsoho! Ka tashi ka yanki reshen nan tun da sauran rai!" Ya ce, "Sai gobe." Goben nan ta ƙi zuwa, haushi kamar ya kashe ni.

Ana cikin haka wata ranar Asabar da hantsi, na kai masa kunu, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo ya fito da farin gilashi da ƙunshin goro a hannu, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida Angona kamar ya san shi. Ya ce sunansa Alhaji Abdulganiyu, tsohon ma'aikacin ruwa ne daga Kano, ya yi ritaya ya sayi gona a wajen Bagauda. Ya je neman mai yi masa auren mangwaro, sai wani ya ce masa ai da Mai-Aure na Tiga yana aiki da wuƙarsa mai kamar ganga, da ba ya neman kowa.

"Baba, da na ji an ce mai kamar ganga, ban iya cin abinci ba," in ji shi. "Don Allah a nuna min ita."

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin Inna, ni kuma na ja hijabina na zauna gefe, don ba a yin irin wannan ba ni. Angona ya zaro 'Yar Ganga da hannun hagu ya ajiye a kan tabarma. Alhaji ya kalle ta ya ce, "Allahu akbar." Sai ya tashi ya koma mota ya ɗauko wata 'yar jakar fata, ya warware ta a gabanmu. Jama'a! Ga 'yan'uwan 'Yar Ganga jere, kowace a aljihunta. Wata ƙarama kamar gyaɗa, wata ta kusa tafin hannu, duk suna walƙiya. Ni da na ɗauka tamu ita kaɗai ce a duniya, sai na ji wani iri, kamar an ce min kakana yana da wasu jikokin a wani gari.

Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, duk waɗannan me kake yankawa da su?"

Ya yi dariya ya ce, "Ko lemo ban taɓa yankawa ba, 'yata. A cikin gilashi suke zama."

"To amfaninsu fa?"

Bai ji haushi ba. Ya ce tun da aka tura shi kwas can ƙasar sanyi yana matashi ya ga irinsu a kasuwar tsofaffin kaya, son su ya shiga ransa. Ya ɗauki ɗaya ya nuna mana jikin itacen. Ya ce wani itace ne na ƙasarsu mai murɗaɗɗen zane, ba za ka taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Ya ce maƙeran da suka yi su sun daɗe da mutuwa, yawancin maƙerun ma an rufe, abin da ya rage ke nan a hannun mutane. Masu tara su har rububi suke, kowa na neman wadda tambarin maƙerinta ya fito raɗau, wadda ba a taɓa wasawa ba. "Ni dai in na riƙe ɗaya," in ji shi, "sai in ji daɗi cewa wani ya zauna ya yi abu da natsuwa, bai yi ha'inci ba ko a inda ido ba ya gani. Matata ta ce taɓuwa ce. Wataƙila da gaskiyarta."

Na so in ƙi mutumin, amma na kasa. Yadda yake magana a kan wuƙaƙen nan, haka Angona yake magana a kan dashe.

Sai ya juya ya ce, "Baba, a buɗe mana ita mu ga ruwanta."

Angona ya dubi baƙo, ya dube ni. Ba yadda zai yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zaro hannun daman nan daga aljihu.

Innalillahi. Hannun yana kaɗawa kamar ganye. Ya ɗauki wuƙar, zoben yana ƙara a jikin ƙarfe. Ya kai babban yatsa kan ɗan harshen, ya zame. Ya sake kaiwa, ya zame. Ya haɗa da hagu, ya danne ta a gwiwa, gumi ya keto masa, sai ta suɓuce ta faɗi cikin ƙasa. A nan na gane hutun da 'Yar Ganga take yi, da tuwon da ake ci a ɗaki, da "sai gobe". Ba ƙin yanka reshen kawai yake ba, ko buɗe wuƙarsa ba ya iyawa. Tausayinsa ya kama ni. Na tuna duk surutun da na yi ta zuba masa yana shanyewa, na rasa inda zan sa idona.

Alhaji Abdulganiyu, Allah ya saka masa, bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki wuƙar ya hure ƙasar, ya ce, "Haka suke yi in damina ta kama, itacen ke kumbura. Nawa ma sai na yi da gaske." Ya danna, ya ja, ya buɗe, ya mayar, muka ji ƙas. Wannan ne karo na farko da na ga wani ya buɗe ta ban da mai ita.

Ruwan wuƙar ya sirance saboda wasawa, ya koma kamar ganyen dalbejiya. Alhaji ya kai shi kusa da gilashinsa yana neman tambari, babu sai ɗan burbushin rubutu. Ya girgiza kai ya ce, "An cinye ta, Baba."

Angona ya samu bakin magana. "Kai 'yan mata kake tarawa. Tawa tsohuwa ce, ta yi aiki."

"Shi ya sa nake son ta," in ji Alhaji. "Duk nawan nan babu wadda na san inda ta je da abin da ta yi. In za ka sallama min, ba zan bari ko ƙuda ya sauka a kanta ba."

Na zuba ido in ji tsoho ya fatattake shi. Sai na ji ya ce, a hankali, "To. Tun da ta amsa kiranka. Ni na gama da ita."

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na manta da baƙo, na manta da kunya. Na ce, "Wallahi ba ka gama ba! Ɗaga kanka ka ga reshen can. Ka sallama wuƙa, Inna kuma fa? Ka bar ta ta mutu sau biyu?"

Ya ɗaga hannun yana rawa ya nuna min. "Da wannan zan yi?"

"Da nawa za ka yi. Ni tela ce, a kan yanka nake ci. Shadda mai tsada nake sa wa almakashi ban taɓa karkacewa ba."

"Uwargida, ko hannuna lafiya lau ne, kin san abin da ya hana."

"Na sani. Kai ne ɗa, kai ke jin kunyarta. Ni tattaɓa-kunne ce, ina ruwana? Ni da ita sai wasa. Ko yau na ga dama sai in yi mata miji."

Na ga maganar ta shige shi, yana juya ta yana neman inda za ta ɓalle. Can ya ce, "Mace ta ɗaura aure? A wace mazhabar?"

Na ce, "A mazhabar mangwaro."

Alhaji ya tuntsire da dariya har gilashinsa ya faɗi. Ya miƙa wa Angona wuƙar da hannu biyu ya ce, "Baba, na janye. Amma in ana neman shaida, ga ni."

Tsoho ya daɗe yana kallon 'Yar Ganga a tafinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba a ba da ita kyauta."

Na gane. Na kwance ƙunshin goron da Alhaji ya kawo, na zaɓi fari guda, na durƙusa na sa masa a hannu. Ya damƙe goron, ya sakar min wuƙar. Ƙotar ta yi santsi, kuma akwai ɗan lotsawa daidai inda yatsansa ya saba zama.

Akwai 'yan dashe na gida da suka fito da kansu a bakin rijiya, inda yara ke zubar da ƙwallo, su muka mayar angwaye. Sai da ya sa na ɓata rassan dalbejiya tuli ina koyon fere kafin ya yarda in taɓa Inna. Alhaji da babbar rigarsa ya taka turmi ya tanƙwaro min reshen gabas na yanka. To da aka zo kan ainihin aikin, me Angona zai yi? Sai ya ja buzunsa ya juya mana baya, ya fuskanci katanga. Na ce, "Yanzu kuma mene ne?" Ya ce, "Ku yi abinku. Ni ba na nan."

Ba ya nan, amma kunnensa yana nan. Na fere na farko, ya ce wa katanga, "An yi sau biyu. A jefar." Na fere na biyu, ya ce, "An ji tsoro. A jefar." Rassan kuwa ba su da yawa, kowane na jefar sai in ji kamar naman jikina ne. Na yi bisimilla, na ja numfashi, na tuna yadda nake zarce almakashi a kan yadi, na ja wuƙar sau ɗaya. Sai na ga ƙeyarsa ta gyaɗa. Alhaji ya riƙe min ango, na zura, na naɗe da leda, na rufa masa wata ledar a ka. Haka muka yi ta yi har rassan suka ƙare. Da muka gama Alhaji ya koya min danna harshen da jan zoben, har sai da ta yi min ƙas a hannuna. Angona ya ɓare goronsa da haƙori, ya miƙa wa shaida rabi ta bayan kafaɗa.

Daga nan sai jira. Ban taɓa sanin jira yana da ciwo haka ba. Kullum da safe kafin in hau keke sai na zo na leƙa ledojin, Mujitaba har ya fara cewa ko in kwaso kayana in koma. Ɗaya ya yi baƙi. Wani ya bi shi. Akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye guda, na bi ta da muciya har bakin titi ina zage-zage. Shi kuwa tsoho ko sau ɗaya bai je wajen rijiyar ba, kuma bai tambaya ba. In na fito sai dai ya dubi fuskata ya kau da kai. Ana haka aka yi wani ruwa da iska, da gari ya waye muka tarar reshen gabas a ƙasa. Inna ta tafi ke nan. Ranar bai ci komai ba.

Bayan 'yan kwanaki na ɗaga wata leda da ta yi gumi, sai ga shi. Toho ja, ɗan mitsitsi, mai sheƙi. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Biyu suka kama. Na saki guɗa a bakin rijiya ni kaɗai kamar mahaukaciya, na ruga na same shi a zaure na ce, "Angona, albishirinka! Amarya ta tare!"

Ya ce, "Ke dai ba ki da kunya." Amma gemunsa rawa yake, kuma ba irin rawar hannun ba ce.

Da suka yi ƙwari shi da kansa ya ce a kira Alhaji Abdulganiyu a ba shi ɗaya. Mutumin da ya hana duniya tsinke! Ya ce masa, "Ga abin da shaida ya samu. Wannan ba ta zama a gilashi, sai ka ba ta ruwa." Aka ciro dashen aka sa a tukunya, Alhaji ya rungume ta a kan farar rigarsa, ya sa ta a gaban mota. Har yau yakan zo, ya karɓi 'Yar Ganga a hannuna ya juya ta ya juya, ya yi ajiyar zuciya ya mayar min. Ni kuma yanzu har an fara aiko min daga Kiru da Bebeji in je in ɗaura aure, ɗinki na neman ya zama na gefe.

Ɗayar muka dasa ta kusa da kututturen tsohuwar, muka kewaye da ƙaya saboda akuyar nan. Angona ya ƙi zuwa wajen dashen, ya ce ƙafarsa ke ciwo. Na ce oho dai.

Washegari bayan la'asar na dawo ɗaukar mazubin da na manta. Na zagaya bayan gida, sai na hango shi. Ya jawo buzunsa da kansa har gaban 'yar bishiyar, wadda ko gwiwarsa ba ta kai ba. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe. Ya dafa sanda ya durƙusa da ƙyar, tsoho mai furfura har gira, ya sunkuyar da kai yadda ake yi a gaban manya. Na laɓe jikin katanga na toshe bakina da hijabi.

Na ji ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Ya baƙunta?"